Mai Katifa Ya Fita Neman Burodi

A wata unguwa da na taɓa zama wata biyu ko uku, lokacin ƙafa tana da sauran ƙarfinta, an yi wani mai sayar da katifa, gajere, mai tumbi, mai yawan fara'a. Ba ya faɗa da kowa, ba ya cin amanar kowa. Abu ɗaya ne ya hana shi zama lafiya, shi ne babban yatsansa na dama.

Shekara talatin yana latsa soso da wannan yatsa. In an kawo sabuwar katifa sai ya danna, ya ɗaga, ya karkata kai yana kallon yadda ramin ke cikewa, sannan ya yanke hukunci: wannan za ta yi shekara goma, waccan ko shekara biyu ba za ta gani ba. Kuma maganar gaskiya, a kan katifa ba ya kuskure. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, a hankali ya yarda babu wani abu mai laushi a duniya da yatsan nan bai san asirinsa ba. In ya shiga mota sai ya latsa kujera ya gaya wa direba an cuce shi. In an miƙa masa jariri sai ya latsa kumatu ya ce, "Mai kyau ne, zai yi ƙarko."

Ran nan da hantsi autarsa ta faɗo shagon tana haki.

"Baba, sun kira ni!"

Kamfanin sabulu da ke bayan unguwar ne ya gina wa ma'aikatansa ɗakin karin kumallo, ana neman wanda zai riƙe shi. Mutum uku suka nema. An gwada biyu, saura Auta. Ranar Asabar ƙarfe goma manaja zai zo da kansa ya sha shayinta, ya ci ƙwai da burodi, in ya gamsu ya ba ta makulli. Shekara biyu yarinyar nan tana mafarkin samun wurin kanta.

"Shayi ba na tsoro," in ji Auta. "Ƙwai ma haka. Burodi ne abin ji. Matar da aka gwada kafin ni, an ce shayinta ba laifi, amma burodinta ya manne wa manaja a haƙori, ya tashi ya yi tafiyarsa. So nake in sami gidan burodin da ya fi kowanne a garin nan."

Mai Katifa ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa sama.

"Ita ce duk damuwar? Je ki ji da butarki. Burodi ki bar mini."

Matarsa, wadda ta kawo masa abinci a daidai lokacin, ta dire kwano. "Baban Auta, me ya haɗa ka da burodi?"

"Abin da ya haɗa ni da katifa. Mene ne burodi? Soso ne da ake ci. Mece ce katifa? Burodi ce da ake kwanciya a kai. Ciki ɗaya suka fito. Na gari in ka latsa shi sai ya tashi ya biyo yatsanka. Na banza sai ya kwanta inda ka bar shi."

Tela, wanda bango ɗaya ya raba shagonsu, ya leƙo da allura a baki. "To Sarkin Soso, yanko mini inci shida na waccan shuɗiyar, yau ban karya ba."

"Kai dai ci gaba da ɗinkinka. Ba da kai ake magana ba."

Ranar Litinin ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya rufe shago, ya nufi gidan burodin Dogo da ke bayan tashar mota. Tsohon wuri ne mai tanderun bulo, bango duk ya yi baƙi da hayaƙi. Shi Dogo mutum ne da magana ke yi wa nauyi, kalma uku sai ta ishe shi wuni guda. An jera burodi a dogon tebur yana ta huci.

Mai Katifa ya yi sallama, ya naɗe hannun riga, ya luma yatsa a tsakiyar na farko. Burodin nan ko minti ɗaya bai yi da fitowa daga wuta ba. Ya daka tsalle, ya cusa yatsa a baki, amma don kada a ce ya ji zafi sai ya ce, "Hmm," irin na likita. Ramin bai cike ba. Ya latsa na biyu. Ya latsa na uku. Haka ya bi layin nan yana tafe yana "Wash! Hmm. Wash! Hmm," har na tara.

Inuwar Dogo ta rufe shi.

"Baba, guda nawa?"

"Ba saye na zo ba, ɗana. Dubawa na zo."

"Wa ya aiko ka?"

"Ilimi." Ya warware tef ya auna ɗaya. "Inci huɗu da rabi. Tsayi ba laifi. Amma burodinka ba shi da zuciya. Duba, na latsa ya kwanta."

"Da zafi yake."

"Katifa ta gari ko a tsakar rana ka shanya ta, tashi take yi."

Dogo ya juya kan tebur. Ya kwashe taran nan ya zuba a buhu, ya ɗora masa a ka, ya nuna masa inda ake biya, sannan ya nuna masa ƙofa.

Da ya iso gida matarsa ta zazzage buhun, ta ɗauki ɗaya tana juyawa. "Wannan wane irin burodi ne mai cibiya?"

"Shaida ce ta an duba."

Aka rarraba wa maƙwabta. Yatsan kuwa ya yi bororo, ta naɗe masa shi da tsumma har ya koma kamar ƙwan fitila.

Washegari, ko jibinsa, na kasa tantancewa, ya tafi wurin Gwaggo mai burodi, can kusa da asibiti. Gwaggo tsohuwa ce ƙaramar jiki, babbar murya, shekara arba'in tana gashi, kuma ba a taɓa ganinta ba tare da dogon cebur ɗin katako da take zaro burodi daga tanderu ba. Da yake yatsa na jinya, Mai Katifa ya yanke shawarar gwiwar hannu ma za ta iya riƙe aikin na ɗan lokaci. Ya sunkuya ya ɗora ta kan wani burodi ya sake nauyinsa.

"Kai bawan Allah! Me ya yi maka kake murƙushe shi?"

"Ba murƙushewa ba ce, Gwaggo, gwaji ne."

"Gwaggon wa? Furfurarka ta ninka tawa kana ce mini Gwaggo! Matsa, ko in matsar da kai!"

Ta ɗaga cebur. Ya ja da baya, ya sake ja, har ya kai bango. Nan ya hango wani dogon abu a kwance a ƙasa, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ya kumbura ya yi sumul, babu ko tudu ko kwari. Zuciyarsa ta yi sanyi. Shekara talatin bai taɓa ganin shimfiɗa mai kyan wannan ba. Ga gajiya, ga tsoron cebur. Ya juya ya zauna.

"Gwaggo, wa ya yi miki wannan katifar? Inci goma sha biyu ce ko..."

Bai ƙarasa ba. Babban akwatin katako ne da ake zuba kwaɓin fulawa a rufe shi ya tashi. Ƙyallen ya zame gefe, kwaɓin ya yi wani dogon huci kamar saniya ta ƙoshi, Mai Katifa ya yi ta nutsewa a hankali, a hankali, har gwiwoyinsa suka gaisa da haɓarsa.

"Kwaɓina!" Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Tun asuba nake lallashinsa ya tashi!"

"To kin gani dai," in ji shi daga cikin akwati. "Bai dawo ba."

Sai da ma'aikata biyu suka kama hannuwansa suka yi ta ja kafin ya fito, fut, da rabin kwaɓin a bayan wandonsa. Bai tsaya sallama ba, don cebur ya riga ya taso.

Hanyar gida da nisa, rana kuma ta take. Shi kuwa yis ɗin da ke kumbura kwaɓi ba ruwansa da an bar gidan burodi, in ya ji ɗumi aikinsa yake yi. Mai Katifa yana tafiya yana jin bayansa na ƙara nauyi. Kafin ya shigo layinsu abin ya zama kamar ya goya matashin kai a ƙugu, ga kaji uku suna biye da shi suna tsalle suna tsinka.

Tela ya tsayar da keken ɗinki, ya fito har bakin ƙofa. "Sarkin Soso, yau kai ne katifar? Inci nawa?"

"Ka rufe mini baki."

"Don Allah ɗan tsaya a ranar nan kaɗan. In ka gasu mun samu na shayin yamma."

A tsakar gida matarsa ta yi ta kankare shi da bayan wuƙa tana dariya har da hawaye. Auta ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar yadda ake ciki.

"Ana samun ci gaba," ya amsa daga ciki. "Biyu sun faɗi. Aiki ya ragu."

To, masu babur da ke rarraba burodi shago-shago sun fi rediyo saurin kai labari. Kafin Alhamis babu mai sayar da burodi a garin da bai ji zancen wani gajere mai tef a wuya ba. In ya karyo kwana sai ka ji an ce, "Mai latsa ya shigo!" nan da nan burodi ya ɓace daga kan tebura kamar hadari ya taso.

Don haka Mai Katifa ya ari wata doguwar kwat da wani ya kai wa Tela gyara ya manta da ita, ya ƙara da baƙin tabarau, ya nufi sabon gidan burodin nan na babban titi. Wurin duk gilashi ne, ga sanyi kamar cikin randa, ma'aikata da fararen huluna, ba a taɓa burodi da hannu sai da wani ƙarfe mai baki biyu. Mai wurin saurayi ne ɗan ƙwalisa da ake ce wa Ɗan Gayu. Komai yana bayan gilashi, sai wata 'yar taga da ake miƙo wa mutum abin da ya saya.

Mai Katifa ya bi layi a natse. Da mai miƙo kaya ta juya baya, sai ya zura hannun hagu ta tagar nan har kafaɗa. Yatsunsa suka kai ga wani burodi da aka ɗora shi kaɗai a kan faranti, ja-ja-jawur, yana ƙyalli. Ya latsa. Burodin ya tashi nan take. Ya sake latsawa da ƙarfi. Ya sake tashi, ko alamar yatsa babu. Ƙwalla ta cika masa ido.

"Na same shi!" ya kwarma ihu. "Jama'a, na same shi!"

Ya ja hannu zai fito, hannu ya ce bai san wannan ba. Kwat ɗin ta tattare a kafaɗa ta toshe tagar. Ɗan Gayu ya fito daga ofis yana gyara wuyan riga.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Wannan na kan farantin, irinsa nake so. Kullum."

"Baba, wannan ai na ado ne. Soso ne aka yi wa fenti."

Layin ya fashe da dariya. Wani zai ji kunya, amma ban da Mai Katifa. Da kunci manne a gilashi ya juyo da ido wajen jama'a.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Me nake faɗa tun Litinin?"

Sai da aka shafe masa hannu da bota tun daga wuyan hannu har hamata kafin ya zame ya fito. Garin ja tabarau ya faɗi, wani mai babur da ya shigo ɗaukar kaya ya nuna shi.

"Shi ne! Wallahi shi ne ya zauna a kwaɓin Gwaggo!"

Ranar Juma'a Auta, wadda hankalinta ya fara tashi, ta ɗauki kwando ta fita da kanta. Da yamma ta dawo shagon da kwandon yadda ta fita da shi. Duk inda ta je tambaya ɗaya ce: "Ke ce 'yar Mai Katifa?" In ta ce eh, sai a ce ya ƙare, alhali ga shi nan jibge tana gani. Masu burodin garin, waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa su, sun haɗa kai a kan abu ɗaya, ba za a sayar wa kowa na gidan nan ba.

Ta zauna a bakin wata katifa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, wannan kuwa ya fi damun uban.

"Baba, gobe ne fa."

Tela, da bango bai taɓa hana shi jin komai ba, ya shigo. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Ni ba su san fuskata ba. Gobe da sassafe zan zaga in sayo ɗaya a wurin Dogo, ɗaya a wurin Gwaggo, ɗaya a wurin yaron nan mai gilashi. Ki yanka wanda ya yi miki."

"Allah ya saka da alheri, Kawu. Amma ka kawo mini a hannuna."

"A hannunta," in ji uwar, tana kallon mijinta.

Asabar da misalin ƙarfe takwas da rabi Tela ya dawo da burodi uku, kowanne a ledar gidansu. Auta tana can gida tana haɗa kayan shayi. A ƙofar shagon Tela kuma wani mutum yana tsaye yana ta masifa a kan wandon da aka yi masa alkawari tun makon jiya. Mai Katifa ya miƙo hannu.

"Kawo in kai mata."

"An ce a hannunta."

"Ni wane ne? Ba ni na haifi hannun ba?"

Mai wando ya ƙara ɗaga murya. Tela ya miƙa ledojin yana jan su baya-baya. "Kada ka latsa."

"Wallahi yatsana ba zai taɓa su ba."

Kuma ya cika rantsuwarsa. Sai dai da ya shiga shago ya tsaya yana kallon burodin nan uku, tunani ya zo masa. Wanne za a sa a gaban manaja? A bar makomar yarinya a hannun canki-canki? Shi fa ya san yatsa gwajin farko ne kawai. Duk mai sayen katifa na ƙwarai, bayan ya latsa, sai ya hau ya kwanta. Nan ake gane ta gari.

Ya jera su a ƙasa cikin ledojinsu, ɗaya wajen kai, ɗaya a tsakiya, ɗaya wajen ƙafa. Ya ɗora wata siririyar katifa a kai, ya cire takalmi, ya miƙe. Minti biyar kawai, ya ce a ransa. Ga gajiyar mako guda, ga fanka tana kaɗawa, ga ƙamshin burodi yana tasowa ta ƙarƙashinsa.

Ƙarfe goma daidai manaja ya iso, wani siriri mai tabarau da ba ya minti biyu bai duba agogo ba. Auta ta shirya tebur a rumfar gaban shagon, ta shimfiɗa farin ƙyalle, buta na tururi, kasko na kan wuta. Maƙwabta sun taru, kowa yana yi kamar wucewa yake. Ta zuba shayi, manaja ya kurɓa, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Kawu Tela, burodin fa?"

Tela ya waiwaya wajen shagon. "Na ba... ai na ba babanki."

Sai aka ji minshari yana fitowa daga shago, dogo, mai natsuwa, irin na wanda ba shi da wata damuwa a duniya.

Uwar Auta ce ta shiga ta girgiza shi. Ƙofar shagon a wangale take, kowa yana gani. Mai Katifa ya tashi, ya murza ido, ya ga taro, ya gyara riga, ya gaida manaja da girmamawa. Sannan ya kama gefen katifar ya yaye ta da hannu ɗaya kamar mai buɗe sabuwar mota.

Abubuwa uku ne a kwance a ƙasa. Na kai da na ƙafa sun yi kama da tafin takalmi. Na tsakiya kuwa ana iya zura shi ta ƙarƙashin ƙofa.

Ya kwaso su ya jera a kan farin ƙyallen. "Ranka ya daɗe, a ba su minti biyar. Na gari zai tashi."

Abin mamaki, aka tsaya. Manaja ya duba agogo, ya naɗe hannu. Mutum ya kai ashirin a rumfar nan, kowa ya zuba wa burodi ido. Tela ya samo kwali yana yi musu fifita.

"Na hagun nan kamar ya motsa," in ji wata maƙwabciya.

"Iskar kwali ce."

"Minti biyar sun cika," in ji manaja.

Mai Katifa ya ɗaga ido ya dubi Auta. Ta juya wa jama'a baya, tana goge wani kofi da ba shi da datti, tana ta gogewa. Bai san lokacin da ya dunƙule hannu ya ɓoye yatsan a ciki ba.

Manaja ya fara ture kujera zai tashi, sai ga hayaniya daga bakin layi. Gwaggo ce a gaba da cebur a kafaɗa, Dogo a bayanta, Ɗan Gayu a ƙarshe yana tsallake kwata. Wani mai babur ne ya ga Tela ya zaga gidajen uku ya shigo layin nan, ya kai rahoto, suka taho ja wa Mai Katifa kunne. Suna isowa idonsu ya faɗa kan tebur.

"Wannan ai ledata ce!" in ji Gwaggo. "Mota ce ta taka shi?"

"Kusan haka," in ji Tela.

Mai Katifa ya ga babu ta inda zai bi, sai ya yi abin da ya fi iyawa. Ya gyara murya. "Tunda kun zo, ku ji sakamako. Duk ukun sun faɗi. Garin nan babu burodi."

Gwaggo ta ɗaga cebur, sai kuma ta tsaya. Ta sunkuya, ta kanne ido ɗaya tana auna ledojin. "Nawa dai ya fi na Dogo tudu."

Dogo ya matso. "A ina aka sa nawa?"

"A tsakiya," in ji Mai Katifa.

"To! Naki a ƙafa yake, nawa a ƙarƙashin tumbi. Tumbin nan ko bulo aka sa masa sai ya baje. A sake, a sa naki a tsakiya mu gani!" Rabon Dogo da magana mai tsawon wannan tun yana saurayi.

"Ku yi haƙuri, iyayena," in ji Ɗan Gayu, "amma kowa ya ga nawa ya fi riƙe siffarsa."

"Naka a ƙarƙashin kai yake," in ji Gwaggo. "Kan da babu komai a cikinsa. Duk da haka dubi yadda ya shimfiɗe!"

Aka kaure. Wannan na cewa fulawarsa, waccan na cewa shekarunta, cebur na yawo a sama mutane na kaucewa. Sai Auta ta dire kofin nan da ƙarfi.

"Gwaggo! Kawu Dogo! Yaya! Wannan da kuke gani shi ne manajan kamfanin sabulu. Mutum saba'in ne ke karyawa a wurinsa kullum. Yanzu zai tashi ya tafi, kuma abin da zai ce kuna gasawa ke nan." Ta nuna tebur.

Su ukun suka dubi manaja, suka dubi abin da ke cikin ledojinsu.

"Ranka ya daɗe," in ji Gwaggo, ta gitta masa cebur a gaba, "zauna."

Manaja ya zauna. Ta ƙwala wa mai babur kira. Dogo ya zabga da ƙafa zuwa tanderunsa, taku ɗaya kamar uku. Ɗan Gayu ya manna waya a kunne yana ba da umarni. Minti goma sha ɗaya, in ji agogon manaja, sai ga burodi yana isowa ta ko'ina, mai zafi, yana huci, ƙamshi ya cika layi. Kowannensu ya karɓi wuƙa yana yanka nasa yana tura wa baƙo.

Nan Auta ta nuna ko ita wace ce. Ta ce ɗaya bayan ɗaya, babba ta fara. Ta soya ƙwai, ta zuba shayi, ta sa ruwa tsakanin kowane yanka, ta raba Gwaggo da Dogo sau biyu ba tare da ta ajiye buta ba. Ragowar ta bi maƙwabta da shi. Manaja ya ci, ya ƙara, ya sassauta bel, har ya manta da agogo.

Can ya juya wajen Mai Katifa, wanda ya raɓe a jikin ƙofa. "Dattijo, kai da aka ce ka zaga gari mako guda, a bakinka wanne ya fi daɗi?"

"A baki?"

"Eh, a baki."

Mai Katifa ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ai ban kai ga wannan matakin ba tukuna."

Rumfar ta kece. Tela ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ka zauna mini a kwaɓi, ka hana ni cinikin wuni guda, ashe ko ɗanɗanawa ba ka yi ba?"

Manaja ya cire tabarau yana share hawaye. Ya laluba aljihu ya fito da makulli ya ajiye a gaban Auta.

"Wadda ta riƙe teburin nan da waɗannan mutane shayi bai zube ba, za ta iya da ma'aikatana. Litinin ƙarfe bakwai. Zancen burodi kuma ke kika sani, ni duka ukun sun yi mini."

Auta ta damƙe makullin da hannu biyu. Ta ce kowane gida kwana biyu a mako. Suka ɗan yi gunaguni, sannan suka yarda, bisa sharaɗi ɗaya da Gwaggo ta faɗa da cebur a tsaye: mahaifinta ba zai taka ƙofar ko ɗaya daga cikinsu ba, ko inuwarsa.

Da jama'a suka fara watsewa Auta ta yanko burodi mai kauri, ta ɗora ƙwai, ta nufi ubanta. Ya miƙo hannu.

"Hannu a baya," in ji matarsa, ta karɓe farantin.

Ya mayar da hannu baya. Amma kafaɗunsa sun riga sun fara dawowa daidai, tumbin ya sake turowa gaba. Ya dubi Tela ta gefen ido.

"Kai da kake dariya, faɗa mini. Gida nawa yarinyar nan ta ce in nemo mata? Ɗaya. Nawa suka zo? Uku. Da ƙafarsu, har ƙofata, ina kwance. A garin nan wa ya taɓa..."

"Buɗe baki, Baban Auta."

Ya buɗe don ya ƙarasa maganar, ta cusa masa yankan gaba ɗaya. Layin nan ya samu shiru har sai da ya haɗiye.